Sunan da Babayo Kaɗai Ya Sani

Shekara goma sha ɗaya abokina Babayo yana jiran haihuwa, sai ga shi Allah ya kawo ta a nan Guangzhou ta ƙasar China, 'ya mace, a makon da ake ta gargaɗin guguwar teku. Ni Maidaji, da nake jigilar kayan 'yan kasuwa daga unguwar Xiaobei zuwa tashar jiragen ruwa ta Nansha da 'yar motata, ni ya ɗora wa kai shi ɗauko ragon suna.

Ragon yana wata gona can cikin tsaunuka, wajen wani Musulmi ɗan China, tafiyar awa biyu. Na ce a aiko da naman mana. Ya ce ina, shi zai sa wuƙa da hannunsa.

"Guguwar ai ta mutanen bakin teku ce, Maidaji. Mu da za mu tudu, ina ruwanmu?"

Bakano kenan. Guguwa a wurinsa ita ce wadda ke kwashe ledoji a Kantin Kwari ta wuce. Bai san ta nan iskarta kawai take ragewa a bakin teku ba, ruwan kuwa sai ta kai shi har tudu ta juye.

Da sassafe aka yanka, aka gyara, muka jera naman a robobi. Ƙarfe goma liman zai raɗa suna a gidan abincin Hajiya Humu, kuma sunan babu wanda ya sani sai Babayo, ko matarsa Rafia bai gaya wa ba.

Mun juyo kenan ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Na kunna fitilu, na sassauta, na ba motar gabana tazara mai yawa. Babayo sai duba agogo yake yana tsaki.

"Kai, ko keke aka ba ni da na wuce ka."

Na ci gaba da tafiyata a hankali. Da muka iso inda hanya ta bi ta ƙarƙashin wata gada, na ga jan ruwa ya kwanta, ya haɗiye layukan awo da aka zana a bango. Na hau gefe, kan tudu, na kashe mota.

"Me kake yi? A Kano giya ɗaya ake sawa a taka, sai ka gan ka a ƙetare!"

"A Kano ka san ramukan da sunayensu. Wannan ban ga ƙasansa ba, ba na shiga."

Ya hau ni da faɗa, har ya ce baƙin ciki nake masa. Wallahi maganar ta yi mini zafi, amma na zare makulli na sa a aljihu. Ana cikin haka wata farar mota ta gifta mu a guje ta tsunduma. Ba ta kai tsakiya ba ta mutu, ruwa ya fara juya ta. Mai ita ya fito ta taga, ya lallaɓo jikin bango, mu biyu muka jawo shi. Bawan Allah sai rawar sanyi yake yana ce mini lawban, wato maigida.

Babayo ya ciro wayarsa. Can ya kira Rafia, murya ƙasa-ƙasa, ya ce zai faɗi sunan ta waya a gaya wa liman.

"Kada ka kuskura, Alhaji," in ji ta, har ni ina ji. "Shekara sha ɗaya na jira, awa uku ce za ta gagare ni? Ka zo a hankali ka faɗa da bakinka."

Sai da ruwa ya tsagaita muka zaga ta babbar hanya, muna tafiyar hawainiya, da baƙonmu a baya yana tallafe da robar nama. Bayan azahar muka iso, Babayo ya riga ya sallama cewa taro ya watse. Ashe ruwan da ya tsare mu shi ya tsare su. Kanawa, 'yan Nijar, mutanen zango na Kumasi, kowa na nan, an shanye wa Hajiya Humu shayi kaf.

Babayo ya raɗa wa liman sunan, liman ya ɗaga murya: Saffana. Guɗa ta kaure, kafin a shafa fatiha mata sun laƙaba mata Marka. Har baƙonmu sai da ya ci ƙauri ya ƙara.

Da aka miƙa wa Babayo jaririyar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya matso kusa da ni, idonsa ya kawo ruwa.

"Maidaji," ya ce, "da mun shiga ruwan nan, wa zai faɗi sunanta?"