Kwafi Uku da Mai Shara

Farfesa ne ya goge, kuma ya san shi ya goge. Ba Inna mai shara ba ce. Shi ya ba da umarni da bakinsa ranar wata Juma'a da hantsi, da abu ya ɓaci kuma ya waiga ya nemi katangar da ta fi gajarta a ginin ya ƙetare.

Shekara ashirin da uku Inna tana share ɗakin sanyi. Haka kowa ke kiran ɗakin da aka jera kwamfutoci a cikin dogayen akwatunan ƙarfe, sahu takwas, suna gunji kamar amya, fitilu kore suna ƙiftawa. Sanyi ta ƙasa yake hurowa, ta ƙananan ramukan daɓe, shi ya sa take saka safa biyu ko da rana na ƙona mutane a waje. Ta san dokokin ɗakin fiye da masu rubuta su. Ba a shiga da ruwa. Ba a jingina tsintsiya da akwati. Soket ɗin da aka manna wa shuɗin tef a bayan ƙofa shi kaɗai ne na injin zuƙar ƙura, jajayen kuwa ko kallonsu ba ta yi.

Ba ta yi boko ba, amma kunne ya girmi kaka. Ta ji cewa can kan wani dutse, a wata ƙasa, an shimfiɗa na'urori masu kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ke zubowa daga taurari, ido ba ya ganinsu. Abin da na'urorin suka kama ana turo shi nan. Kwamfutocin ɗakin sanyi kuma aikinsu kwaikwayo: su ƙirƙiro ruwan ƙwayoyin na ƙarya, sau miliyan nawa, a gwada da na gaskiya. Wata ɗaliba da ake ce wa Mai Tabarau ta shekara huɗu a kan wannan aiki. Ita ce kaɗai ke ɗage ƙafa idan tsintsiya ta zo wucewa.

Ranar Talata Inna na tsakiyar aiki sahu na biyar ya ɗauke ɗif, ya dawo bayan minti biyu. Laraba aka nemi aikin Mai Tabarau aka rasa. Alhamis aka karɓe katin shigar Inna, aka miƙa mata takardar kora.

'Yarta ce ta karanta mata a gida, tana tsallake wasu wurare.

“Karanta duka,” in ji Inna. “Ba kunyarki ba ce, tawa ce.”

“Wai sakacin ma'aikaciyar tsafta ya jawo asarar bayanai na shekara huɗu. Wai kin zare waya.”

“Ma'aikaciyar tsafta. Farfesa ne ya sa hannu?”

“Shi.”

Inna ta yi tsaki. Wannan Farfesan, lokacin yana ɗalibi, wando ɗaya gare shi, ita ke kwashe ɓawon ayaba a ƙarƙashin teburinsa. Inna yake ce mata a lokacin, har da rusunawa.

Korar ba ta ci mata rai kamar allon sanarwa ba. An manna kwafin takardar a bakin ƙofar ɗakin sanyi don a zama darasi, masu shara na sauran benaye kuma suka sa mata suna. Ta haɗu da biyu daga cikinsu a tashar mota.

“A'a, Mai Goge Taurari, an fito?” in ji ta hawa na uku. “Don Allah ki bar mana wata, da shi muke gani idan an ɗauke wuta.”

Inna ta gyara mayafi ta wuce. Ta koma gida ta zauna a bakin gado da mayafinta a ka, har 'yar ta gaji da tambaya.

Bayan mako biyu Mai Tabarau ta zo da la'asar, ta rame, ta zauna a gefen tabarma kamar mai jiran hukunci. Inna ta tura mata kofin ruwa.

“Kin zo ganin wadda ta kashe miki aiki?”

“Ba ke ba ce, Inna.”

“Na sani. Ke ce ban san kin sani ba.”

Yarinyar ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ta ce aikin ba a wuri ɗaya yake ba. Kwafi uku ake ajiyewa: ɗaya a nan, biyu a wasu cibiyoyi a ƙasashe daban. Ko da an zare duk wayoyin ɗakin sanyi, biyun can suna nan.

“To ina suke?”

“Su ma babu.”

“Wato hannuna ya miƙe har wata ƙasa? Ni da ba na kai wa saman kwaba sai da kujera?”

Mai Tabarau ta yi wata 'yar dariya da ba ta yi nisa ba. Ta ce wuri ne ya cika, aka aiko wa cibiyoyin uku saƙo ɗaya: kowa ya rage kaya kafin sababbin bayanai su sauko daga dutse. Akwai rajista da ke nuna kwafi nawa ya rage na kowane abu, amma sau ɗaya a yini take sabuntawa. Da safiyar Juma'a duka ukun suka duba, kowa ya ga akwai biyu a wani wuri, kowa ya goge nasa.

Inna ta ɗaga yatsu uku.

“Yaron da aka bar wa gwaggo uku,” ta ce. “Kowacce na cewa ya ci a gidan waccan, har ya kwana da yunwa.”

“Haka ne. Sai dai mu ne uwar ajiya. Su can an yarda su goge, mu an hana mu. Injiniyan da ke kula da kwamfutocin ya faɗa wa Farfesa, ya ce a jira Litinin. Farfesa ya ce yana son wurin don nasa kwaikwayon kafin babban taro, a goge.”

“Sahun da ya ɗauke ranar Talata fa?”

“Batirinsa ne ya tsufa. Kwana huɗu ke nan da gogewa.”

Ta ciro takarda a jaka, layuka cunkus kamar tururuwa, an ja wa ɗaya jan biro. Kwamfuta ba ta mantuwa, in ji ta: rana, lokaci, da sunan wanda ya ba da izini, duk suna kan layin nan.

“Amma Inna, don Allah kada ki ce ni na ba ki. Shi zai sa hannu a digirina. In na sake aikin daga farko, wata goma sha takwas ne, kuma sai ya ba ni wuri a kwamfutocin.”

Inna ta ninke takardar ta cusa a lalitarta. “Sha ruwanki,” ta ce.

Litinin ake zaman bincike, da mutanen cibiyoyin biyu a talabijin ɗin bango. Maigadi, wanda suka fara aiki wata ɗaya da shi, ya ga ta nufo ƙofa ba kati, ya duƙa yana gyara igiyar takalmi.

“Ban gan ki ba, Yaya.”

“Idonka dama ya daɗe da lalacewa.”

Ta hau bene tana hutawa a kowane hawa. Ta wuce ƙofar ɗakin sanyi, takardar na nan a allo, har gefenta ya fara naɗewa. Ta tura ƙofar ɗakin taro ba sallama.

Dogon tebur, mutum bakwai. A talabijin fuskoki biyu, wata farar mace mai furfura da wani mai gemu. Injiniya na gefe yana juya biro. Mai Tabarau na can ƙarshe, kanta a ƙasa. Farfesa na tsaye yana nuna wani zane, ya tsaya da hannu a sama.

“Inna,” ya ce.

“Yau kuma Inna ce? Na ɗauka ma'aikaciyar tsafta.”

Ya matso, ya rage murya, ya kama gwiwar hannunta zai kai ta ƙofa. “Mu yi magana a ofis. Dama ina neman ki. An duba lamarinki, an tausaya, za ki koma aiki farkon wata. A hawa na biyu, babu ma sanyi.”

“Takardar allo fa?”

“Wannan ta riga ta shiga fayil. A bar kaza cikin gashinta.”

“Kazarka ce, ni kuma aka fige.” Ta zame hannunta. “Tausayi ake yi wa mai laifi. Ni me na yi?”

Matar talabijin ta yi tambaya da harshensu, Farfesa ya amsa da sauri yana murmushi. Inna ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ta san murmushin. Irinsa ake yi idan akuya ta shigo falo ana da baƙi.

Ta ciro takardar ta warware a kan tebur, ta danne da tafin hannu.

“A ina kika samu wannan?” Murmushin ya tafi. Idonsa ya bi teburin har ƙarshe. Mai Tabarau ba ta ɗago ba.

“Kalle ni nan. Shekara ashirin da uku ina kwashe kwandon shararku, kana tambayata inda na samu takarda?” Ta juya wajen Injiniya. “Kai ɗan nan, ranar Juma'a ka ce a jira Litinin ko ba ka ce ba?”

Injiniya ya buɗe baki, ya dubi Farfesa, ya rufe. 'Ya'yansa huɗu, Inna ta san sunayensu duka.

“To riƙe bakinka, ka ci abinci da shi.”

“Inna, wannan magana ce ta ilimi, ba za ki gane ba.”

“Na gane uku. Uku ne, kowa ya zubar da nasa, kai kuma aka ce kada ka zubar. Wane ilimi ya rage? Kuna auna abin da ya faɗo daga tauraro, ido bai gani ba, ku ce ga ranarsa ga lokacinsa. Juma'a da Talata ne suka gagare ku bambantawa?”

Wani a teburin ya yi tari. Farfesa ya miƙa hannu zai kashe talabijin. Inna ta riga shi, ta ɗaga takardar saitin ɗan idon kyamarar da ke saman talabijin ɗin, kusa sosai. Mai gemu ya matso da fuskarsa, ya runtse ido. Matar ta saka tabarau.

Inna ta san daga nan babu hawa na biyu, babu farkon wata. Ta mayar da takardar gaban Farfesa, ta ɗora yatsa a kan jan layin.

“Ni ban iya karatu ba, shi ya sa ka zaɓe ni. Kai ka iya. Sunana ka manna a allo kowa ya karanta, to ga naka. Karanta shi da ƙarfi, da harshenmu, sannan da nasu. Faɗa musu wa ya goge.”