Bakancen Griselda

Tun ranar da likita ya ce Itzel na da kansar jini, Griselda ba ta sake kwana a kan gado ba. Ba wanda ya sa ta. Ita da bakinta ta durƙusa a coci gaban hoton Maryamu ta Guadalupe, ta yi bakance cewa bayanta ba zai taɓa katifa ba sai an ce 'yarta ta warke. Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tana nan a ƙasa kan bargo ɗaya, a gindin gadon da a da suke kwana tare da yarinyar. Mijinta Baltasar yana can arewa a gonakin tuffa, sai dai waya. Ƙugu ya riƙe, wuya ya sanƙare, ido kullum kamar an watsa masa barkono.

Wata Talata, a hanyar kai Itzel asibiti a Fresno, gyangyaɗi ya ɗauke ta tana tuƙi. Ƙarar tsakuwar gefen titi ce ta farkar da ita. Yarinyar na baya tana latsa waya, ba ta ma san abin da ya faru ba. Da suka isa, wata nas ta ga yadda uwar ta galabaita, ta tasa ta gaba har ɗakin da iyayen yara masu jinya suke haɗuwa su yi magana da Sifaniyanci.

Mai kula da zaman wata matashiya ce, Noemí, ga haƙuri ga karatu. Dokarta ɗaya: kowa ya zo hannu rabbana, hutu aka zo yi. Wa zai bi? Matan da ba su samu barci ba su ne suka yi sammakon naɗe tamales, irin alalen masarar da ake yi a ƙasarsu, don kada a ce wance ta shiga taro ba ko ƙyalle. Tebur ya cika, masu shi kuwa duk a galabaice.

"Ku rufe ido," in ji Noemí. "Ku ja numfashi a hankali, ku sake shi."

Griselda ta ja, ta sake, sai munshari. Ɗakin ya kwashe da dariya. Ta farka a firgice, kunya ta rufe ta, kafin ta ankara ta zazzage musu komai, har da zancen motar.

Noemí ta ce a tausashe, "Doña Griselda, Allah bai ce ki kashe kanki ba. Ki je wajen Fada, zai warware miki wannan alkawarin."

"'Yar nan, kin taɓa haihuwa?" Griselda ta taso mata. "In na hau gado yau, gobe gwajin jini ya fito ba daɗi, ke ce za ki zo ki ce mini ba ni na jawo ba?"

Kowa a wurin ya san wannan tsoron, kuma ba numfashin da ke fitar da shi.

Can sai Doña Eufemia, tsohuwar da ke jinyar jikanta, ta ajiye kofinta. "Ke ma dai da taurin kai kike. A garinmu in bakance ya fi ƙarfin mai shi, wani yake ɗaukar masa. Da ƙafar mahaifiyata ta lalace, ƙaninta ne ya yi mata tattakin da ta yi bakancen yi zuwa wani coci a kan dutse, kuma ba mu ji an ce bai karɓu ba. Na ɗauki daren Laraba."

"Ke, da wannan ƙashin naki?" in ji Yesenia, wata mai baki da ke kusa da ita. "Wa zai ɗaga ki da safe?"

"Wanda ya saba ɗaga ni, marar kunya."

"To ni a ba ni Asabar, in huta da gurnanin mijina."

Don Hilario, namiji tilo a cikinsu, ya ɗaga yatsa ya ce Lahadi, bai ƙara ko kalma ba. Haka aka yi ta raba kwanakin kamar naman watanda. Noemí ta dafe kai ta ce, "Ni 'yasu! Na tara ku don ku huta, kun ɓige da rabon ciwon baya." Sannan ta ce a bar mata Litinin. Griselda ta riƙe Juma'a, ta ce wannan kam ko sama da ƙasa za su haɗe ba ta bayarwa.

Ran Laraba da yamma, rana ba ta gama faɗuwa ba, Griselda ta tsaya a bakin gado. Tsoro take ji, tsoro na gaske. Ta kira Doña Eufemia a waya.

"Ina ƙasa tun ɗazu," in ji tsohuwar. "Ki hau mana, kada ki sa in sha wuya a banza."

Ta hau. Katifar ta lotsa, duk gaɓoɓinta suka amsa. Itzel, da ke kwance ta bango da hular ulu a kanta, ta juyo ta zuba mata ido.

"Mami, na daina wari ne?"

"Wane irin wari kuma?"

"Na maganin. Tun da aka fara ba ni kika koma ƙasa. Kullum ina wanka sosai, amma ba ki dawo ba."

Griselda ta jawo yarinyar, ta zame hular, ta kafa hancinta a kan da babu gashi ko ɗaya, hawaye na bin fuskarta. Ta buɗe baki za ta yi mata bayanin coci da alkawari, amma barci ya riga ta.