Rijiya a Ƙarƙashin Wake

Da malamin gona ya ce ƙasar gonarsu ta gaji, sai ya nuna wa Yaya da ƙanensa iri biyu a tafin hannunsa. Ɗaya wake ne mai tsayawa a gindinsa. Ɗayan mai yaɗo ne, zai lulluɓe gona, ya kashe ciyawa, ya bar taki.

"Mai yaɗon za mu shuka," in ji Yaya. Shi kuwa in ya yanke magana, ba mai ɗaga ta.

Ƙanensa, Auta, ya ce, "Tsohuwar rijiyar nan ta cikin gona fa?"

"Yau muka fara noman wurin? Zan kafa sanda a bakinta."

Waken bai zo da wasa ba. Kafin damina ta raba ya haɗiye kunyoyi, ya haɗiye 'yar hanya, ya hau sandar ya kwantar da ita. Ganye har gwiwa, ko'ina iri ɗaya. Yaya har maƙwabta yake jawowa kallo, baki ya ƙi rufuwa.

Wata safiya matar Auta ta fito tana cewa surukarta ba ta ɗaki, laujen ma babu. Inna ta tafi yanko wa akuyarta ganye ke nan, ga shi kunnenta ya daɗe da yin nauyi.

Yaya da Auta suka ruga, suka hango ta can cikin gona, a duƙe, tana yanka.

"Ina rijiyar take?" Auta ya tambaya.

Yaya ya nuna dama. Ya sauke hannu, ya nuna gaba. Wallahi bai sani ba, abin da ya sani kawai tana wani wuri tsakaninsu da uwarsu.

"Inna! Kada ki motsa!" Yaya ya ƙwala mata kira.

Auta ya shiga ɗaga hannu yana tsalle. Tsohuwa ta ɗago, ta ga 'ya'yanta suna yafuto ta. Ta yi murmushi, ta ɗora ganyen a ka, ta nufo su kai tsaye.

"Sauke hannunka! Kiranta kake yi!"

Ina, ta riga ta taho, tana jan ƙafa cikin yaɗo, ba ta ko duban ƙasa.

Yaya ya tuɓe takalmi. Ya daidaita kansa da ita sosai.

"Yaya, za ka faɗa!"

"Gara ni. In na ɓace mata da gani, za ta tsaya."

Ya kutsa cikin waken a guje.