Kawu Ramadan Ya Wanke Shuɗin Gwal

"Ai godiya ya kamata ki yi mini," in ji Kawu Ramadan, yana taunar goro. "Dubi yadda suka fito, kamar yau aka ƙera su."

Nusaiba ta matso ta dubi abin da yake nuna mata. A zauren gidansu na Ƙofar Na'isa an baje sarƙoƙi da awarwaron matan gidan kaf a kan tabarma, domin al'adarsu ce tun kakanni: in biki ya matso, a tattara gwal a ba Kawu ya wanke, da yake maƙerin gwal ne. Ranar Juma'a za a yi kamun 'yarsa Sadiya. A tsakiyar kayan kuwa ga wasu 'yan fallayen gilashi guda biyu masu shafen gwal, kowanne bai wuce faɗin farce ba, sun yi rawaya, duk sun kakkarce. Jiya shuɗi ne da su mai sheƙi, irin na wuyan tattabara.

Wata shida ta yi tana haɗa su a ɗakin gwaji na jami'a, su ne aikin digirinta na biyu. Guda uku ne, ɗoki ya sa ta kawo su gida a ɗan akwatinsu don mahaifiyarta ta gani. Ita kuwa baiwar Allah da ta ji an ce akwai gwal a jiki, sai ta jefa akwatin cikin kayan da Kawu zai wanke.

"Kawu, da me ka wanke?"

"Da abin da na saba mana." Ya nuna wani tsohon buroshin haƙori da gashinsa ya baje, da kwanon ruwan sabulu da ya yi baƙi ƙirin. "Inda ya yi taurin kai na ɗan tofa masa yawu. Yawun mai goro ba dattin da ba ya ci."

Ta ƙura wa gilasan ido. Abin da ba ta taɓa kamawa ba sai da safar hannu, tana ɗauke numfashi in ta sunkuya kansa! Ga jan yawu ya bushe a gefen ɗaya, har da ɓarɓashin goro.

"Shuɗin nan ba datti ba ne," in ji ta. "Ƙananan ramuka ne muka jera a fuskar gwal ɗin, ɗari daga cikinsu ba su kai kaurin gashi ɗaya ba. In haske ya sauka sai ya girgiza lantarkin da ke cikin ƙarfen, ramukan su riƙe wani launi su saki wani. Shi nake aunawa, Kawu."

Ya bushe da dariya. "Shekara arba'in ina sana'ar nan, 'yar boko za ta koya mini gwal shuɗi! Kawo na ukun in ƙarasa ladana."

Ya lashi babban yatsansa ya miƙa hannu. Ta rigaye shi, ta fizge akwatin ta ƙanƙame a ƙirji. Ɗaya ya tsira, amma uku malamarta ke jira nan da kwana goma, kuma ko yanzu da ta gane hanyar, sake haɗa biyu zai ci kwana tara cur, ba ɗaga kai. Ta tuna Sadiya, wadda suka tashi a tabarma ɗaya, sai hawaye ya zubo mata.

Ta miƙe ta ɗaga murya yadda na cikin gida za su ji.

"A ba wata ankona. Makaranta zan koma yanzun nan, ba da ni za a yi bikin nan ba."