Igiyar da Ta Rufe Mini Ƙofa

Gonata tana gabas da Sakajiki, cikin ƙugun filin Alhaji Tambari. Shi mai manyan motoci ne a Ƙaura. Ya yi ta sayen gonakin maƙwabtana har filinsa ya kewaye ni ta gefe uku kamar lauje, ya bar mini ƙofa ta kudu, inda burtali ya wuce. Ya sha taya tawa, ina ce masa gadon ubana ce, kuma ita ke ciyar da gidana.

A zamanin mulkin farar hula na biyu ɗana Halilu ya samu aikin awon fili. Na gwaji ne, ba a tabbatar da shi ba. Abokan karatunsa da yawa suna zaune a tashar jirgin ƙasa suna jiran dako, don haka kullum gabana faɗuwa yake, kada wani abu ya taɓa aikin nan.

Bayan girbi Alhaji ya nemi takardar mallakar filinsa, aka turo ma'auna. Shugabansu, wani mai hular kwano, ya zauna a inuwar tsamiya ana yi masa fifita. Halilu ne ya kafa turaku a kowace kusurwar filin. Mutane suka taru suna kallo, ni ma na bar tattara kara na zo.

"Turakun da ke ciki ba ruwanmu da su tukuna," in ji Halilu ga masu taya shi. "Na bakin waje za mu bi. A ja igiya ta kewaye su duka, daga nan mu san tsawon wurin da faɗinsa."

"Kai, Maccido, ka haifu!" wani tsoho ya ce mini. Na ji daɗi har cikin ƙashina.

Da suka iso bakin laujen, wajen wani gawo, sai aka rasa mai riƙe igiya.

"Baba, taimaka ka riƙe mini nan," in ji Halilu.

Na riƙe. Ya tafi da ɗaya bakin har gindin aduwar da ke ɗaya ƙarshen filin Alhaji, ya ja. Igiya ta tashi daga ƙasa ta miƙe sambal, ta ratsa ƙofar gonata daga wannan gefe zuwa wancan. Na waiwaya. Karana, kunyoyina, da bukkar da nake fakewa in hadari ya taso, duk suna ciki.

"Halilu! Igiyarga ta rufe mini ƙofa!"

Ya dawo da sauri, ya rage murya. "Baba, awon farko ne, na sanin iyakar waje. Daga baya ake auna lungun gonarka a cire shi."

Alhaji Tambari ya iso yana dariya, yana gyara babbar riga. "Malam Maccido, ka ƙi zuwa gidana da ƙafarka, ga shi ɗanka ya shigo da kai. Ja da kyau, kada ta yi sako-sako!"

Mutane suka yi dariya. Daga inuwa shugaban ya ɗaga murya. "Kai yaro, ka gama ko in nemi wani? Gobe muna Zurmi."

Halilu ya je ya durƙusa. "Ranka ya daɗe, akwai lungu a nan da ba na Alhaji ba."

"Ni na koya maka aikin ko kai ka koya mini? Akwai turken da ya saura a wajen igiya?"

"Babu."

"To rufe, ka sa hannu."

Halilu ya juyo ya dube ni. Na san in na saki igiyar na yi kuwwa, jama'a za su tsaya mini, don kowa ya san gonar ubana. Na kuma san da wace fuska yaron zai koma ofis, in ma an bar shi ya koma. Irin kallon nan ya yi mini ranar da na fara kai shi makarantar boko. Sai na naɗe igiyar a hannuna na ƙara ja.

Ba a dawo auna lungun ba. Kafin damina takarda ta fito da taswira, layin kudu a miƙe, gonata a cikin filin Alhaji. Da na je sharar gona, na tarar da tarakta a ciki.

"Malam, ka kai ƙara mana!" in ji matata Kulsumu. "Mi za mu ci?"

"In kai ƙarar wa? Hannun wa ke jikin taswirar?"

Ta koma ga tukunyarta.

An tabbatar da Halilu a aiki, aka mai da shi Shinkafi. Sallah ƙarama ta wuce bai zo ba, babba ma haka. Na aika masa cewa ban riƙe shi da komai ba, bai amsa ba. Sai dai ranar kasuwar Ƙaura wani direba kan sauke mana buhun gero a ƙofar gida, ya ce saƙon Halilu ne, daga sito na Alhaji Tambari ya saya don can ya fi sauƙi.

Kulsumu ta daka, ta tuƙa, muna ci. Ban taɓa tambayar gonar da aka noma shi ba.