Baƙon da Ya Zo da Ɗakinsa

Siddiq ne ya kawo motar ƙofar gidansu a Clichy-sous-Bois, gefen Paris, fara ƙal, doguwa. Kamfin-kar ake ce mata. Ya buɗe wa mahaifinsa ƙofa yana nuna masa kayan ciki: gado, murhun gas, firigo, har da makewayin da mutum ba ya iya miƙe hannu a cikinsa.

"Ka gani, Baba? Ba otel, ba takura wa kowa. Inda muka gaji, nan ne gida."

Alhaji Moutari ya leƙa, ya ce, "Hm."

Shi dai abin da ya ce wa yaron, ka kai ni Lyon in ga yayana. Jirgin ƙasa ya yi tsammani. Amma Siddiq ya riga ya ɗauki hutu, matarsa Widad ta riga ta tsara hanya a wayarta, kuma Alhaji ba mutum ba ne da zai zauna yana faɗa wa ɗansa abin da ke cikinsa.

Abin kuwa ya daɗe. Ranar da Moutari ya sauka Paris daga Damagaram da jaka ɗaya, a ɗakin yayansa Youssouf ya kwana, can unguwar Belleville, ƙafarsu na haɗuwa. Daga baya Allah ya buɗa masa a harkar tura motoci Kwatano. Da aka zo bikin Siddiq, Youssouf ya ce baƙin gida su sauka wurinsa, shi ne babba. Moutari ya yi dariya a gaban mutane, ya ce, "Ɗakin nan? Ko tattabaru ba sa juyawa a ciki." Ya kama wa baƙi otel. Shekara ba ta zagayo ba Youssouf ya tattara iyalinsa ya koma Lyon. Tun daga nan sai waya ranar Sallah: barka da Sallah, barka kadai.

Yanzu an ce ciwon suga ya kama Youssouf, ido ɗaya ya tafi. Mutane irinsu ba sa zama su ce ka yafe mini. Ƙane zai zo, wansa zai ce masa kwana nan, a shimfiɗa masa ko a ƙasa ne, da safe su sha kunu a kwano ɗaya. Magana ta mutu. Wannan kwanan Alhaji ya fito nema.

A Fontainebleau suka fara tsayawa, gidan sarakunan da. Aka yi ta ratsa ɗakuna, kowanne da gado mai rumfa, an gitta igiya a gabansa.

"Wa ke kwana a nan?"

"Ba kowa, Baba. Kallo ake zuwa."

"Asara," in ji Alhaji. Ya fita ya jira su a inuwa.

A Auxerre suka biya wa Raliatou, ɗiyar yayar Alhaji. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata, ta kawo shinkafa da miyar gyaɗa. Da ta fara zancen inda za a kwantar da Kawu, Siddiq ya nuna mata motar ta taga. Alhaji ya ga yadda kafaɗunta suka sauka don sauƙi. "Kai, ka yi dabara, Siddiq!" in ji ta. Ya kwana a motar a bakin titinta, yana ganin labulen ɗakinta daga inda yake. Bai ji haushinta ba. Yarinya ce, a nan aka haife ta.

Sai gonakin inabi, tudu bayan tudu. Widad ta ce a tsaya a Beaune, akwai wani tsohon asibiti mai rufi kala-kala. Aka tsaya. Aka sake tsayawa don wani kogi. Alhaji ya yi salla a gefen babbar hanyar otorut, manyan motoci suna kaɗa masa riga.

Sun wuce Mâcon ne Widad ta juyo daga kujerar gaba, fuska a sake.

"Baba, na rubuta wa Inès, ɗiyar Tonton Youssouf. Na ce kada su wahalar da kansu, muna da gado, muna da abinci, gaisuwa kawai za mu yi."

"Wa ya aike ki?"

Murmushin ya ɓace. "Tonton ba shi da lafiya, Baba. Na ga gidansu ƙarami ne."

"Kin rubuta haka? Ƙarami?"

"Na ce dai kada mu matse su."

Alhaji ya juya ga taga. Siddiq ya dubi matarsa, ya ɗaga kafaɗa, ya ƙara wa rediyo murya.

Bayan azahar suka shiga Lyon, unguwar Guillotière. Titin Youssouf siriri ne, motar ta cika shi. Siddiq ya haura da ita kan dakalin masu tafiya, ya kunna fitilu masu ƙiftawa, ya ce zai riƙa saukowa yana dubawa.

Gidan yana can sama, ba asansar, sai matakala. Hajiya Mero, matar Youssouf, ta buɗe ƙofa tana ta lale marhabin. A lungun shiga Alhaji ya goga kafaɗa da wata katifa da aka naɗe aka ɗaure da igiya, an jingine ta a bango.

Youssouf yana zaune kan kujera. Ya rame, hular ta yi masa yawa. Suka yi musafaha.

"Sannu da zuwa, Alhaji. Ya hanya?"

Tun suna yara Auta yake ce masa. Ko a wayar Sallah, Auta.

"Lafiya lau, Yaya. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya iyali? Ya kasuwa? Ya mutanen Paris?"

Aka bi gaisuwa har ƙarshenta, ba a tsallake ko ɗaya ba.

"Katifar nan ta maƙwabta ce," in ji Hajiya Mero, tana ajiye ruwa. "Malam da kansa ya sa aka aro, ya ce shi zai koma falo a bar maka ɗaki. Sai Inès ta ce ai kun zo da naku."

"Mero," in ji Youssouf.

Ta koma madafa.

Ta kawo tuwo da miyar kuka, an yi da naman rago. Widad ta ce sun ci a hanya, ta ɗan taɓa don kunya. Alhaji ya wanke hannu, ya tura kwanon tsakaninsa da yayansa.

"Bisimilla, Yaya."

"Ci abinka. Likita ya raba ni da tuwo."

Ya ci shi kaɗai. Siddiq yana hawa yana sauka, yana haki. Zuwa la'asar ya ce, "Baba, sai mu tafi. Filin da ake ajiye irin motar nan yana bayan gari, da yamma suke rufe ƙofa."

Alhaji bai motsa ba. Ya dubi yayansa. Youssouf yana jan carbi, idonsa mai gani yana kan bango. Can ya laluba sandarsa.

"Bari in raka ku. In ga gidan nan da ake faɗa."

Ya sauko a hankali, yana hutawa a kowane hawa, ya ƙi a riƙe shi. A titi Siddiq ya buɗe ƙofar motar da murna. Youssouf ya sa kai, ya shafa murhun, ya buɗe firigo ya rufe.

"Ma sha Allah. Komai akwai. Mai wannan ba ya buƙatar kowa."

Alhaji ya matso. Ya nuna gadon da haɓa, bai dubi kowa ba.

"Gadon gajere ne, Yaya. Tun da muka taso ban miƙe ƙafa ba."

Hannun Youssouf ya tsaya a kan ƙofar. Ya juyo da idon nan ɗaya, ya dubi ƙanensa sosai, karon farko tun isowarsu. Leɓensa ya motsa.

"Haba Baba, me ya sa ba ka faɗa ba!" Siddiq ya yi tsalle ya shiga. "Ai ana jan shi. Duba." Ya ja wani katako, ya juya matashi, gadon ya ƙara tsawo har ya taɓa firigo. Ya bubbuga shi da tafin hannu. "Voilà! Ko Tonton zai kwanta ya yi juyi."

Youssouf ya saki ƙofar.

"To, ka ga an gyara maka," ya ce. "Allah ya ba mu alheri, Alhaji."

Wata motar kaya ta tsaya a bayansu tana danna oda. Youssouf ya juya da sandarsa, ya laluba lambobin buɗe ƙofar gidan, ya shiga. Ƙofar ta rufe kanta.

Siddiq ya tada mota. "Gobe mu hau tudun Fourvière, ana ganin garin duka. Tonton ya ji daɗi, ko Baba? Ka ga yadda motar ta burge shi?"

"Ja mu tafi," in ji Alhaji. "Ka tare wa mutane hanya."