Kiran Suna a Kan Gada

A hannun almakashin Sinyora Ornella akwai wani zirin ƙyalle shuɗi da ya koɗe har ya kusa zama fari. Na lura da shi tun ranar da na fara aiki a shagon ɗinkin rigunan amare da ke unguwar Safa a Jidda, amma na yi wata huɗu ban tambaya ba. Ni ba mai yawan tambaya ba ce. Aikina tsara mau'idi ne, wace amarya za ta zo gwajin riga kuma ƙarfe nawa, sai kiran masu turo mana leshi daga Italiya, tunda ni ce na karanta Turanci a jami'a.

Khala Khairiyya mai ɗinka duwatsun ado a jikin riguna ce ta yi tambayar wata rana muna shan shayi.

"Sinyora, wannan tsumman fa? Shago cike da siliki, ke kin maƙale wa abin da ko ƙura ba zai goge ba."

Sinyora ta yi dariya. 'Yar Italiya ce, ita ke yanka mana yadi, kuma shekararta ashirin da bakwai a Jidda. Da Larabcinta mai ɗan karkata ta ba mu labarin.

Ƙauyensu yana can saman dutse, akwai wani kuma a ƙasa, ƙorama ta raba su. Waliyya ɗaya suke girmamawa, mutum-mutuminta na katako ma guda ɗaya ne, don haka karɓa-karɓa suke yi. Duk lokacin sanyi tana cocin ƙauyen ƙasa. In ƙanƙara ta narke hanya ta buɗe, sai dattawa su sa rana. Mutanen ƙasa su ɗauko ta a kafaɗa suna waƙa, na sama su gangaro da furanni, a haɗu a kan gada. Kafin a miƙa ta, wani dattijo zai buɗe takarda ya kira sunan duk ɗan ƙauyen da ke zaune a wata ƙasa. Wanda ya ce "Ga ni" sai a yanko masa zirin ƙyalle daga jikin tuta. Wanda aka kira shekara uku a jere bai amsa ba, sai a ja layi a kan sunansa.

"Ba korar mutum ake yi ba," in ji ta. "Ana daina jiransa ne kawai."

Shekara biyu ke nan ba ta amsa ba. Shekarar farko iƙamarta, wato takardar izinin zama, ce ta maƙale wajen sabuntawa, bara kuma aka yi mata aiki a gwiwa. Bana ga amare goma sha ɗaya a kanmu bayan Sallah, babu halin tafiya. Sai dai an kafa ƙarfen sabis a kan dutsen nasu, dattawa kuma sun amince cewa murya ta waya ma murya ce. Ƙanwarta Nives za ta kira ta, ta ɗaga wayar sama a kan gadar.

"Lahadi mai zuwa, ƙarfe goman can," ta ce mini. "Ki bar mini wannan lokacin fili, Zakiyya."

Tun da na fara aiki a watan Nuwamba nake kiran Italiya, kuma kullum awa biyu ce tsakaninmu. Na ƙara biyu a kan goma, na rubuta sha biyu. Amaryar ranar, Wafa', na dawo da ita ƙarfe sha ɗaya. Sinyora ta leƙa kwamfutar, ta shafa kafaɗata.

Da na koma gida a unguwar Sa'alaba na ba kakata Inno labarin tana tsince shinkafa. Mahaifinta a ƙafa ya zo Hajji daga wajen Gumel, bai sake komawa ba.

"Su sun iya," ta ce. "Babana har ya rasu yana cewa akwai gonarsa a can, bayan wata tsamiya. Waɗanda za su kira sunansa duk sun bi shi." Ta ɗan tsagaita da tsintar. "Allah ya sa ta amsa, 'yar mutane."

Ranar Lahadi Sinyora ta zo da jan baki da 'yan kunne na zinariya, abin da ban taɓa ganin ta sa ba.

"Mashallah," in ji Khala. "Yau wace ce amaryar, ke ko Wafa'? Ko wani tsoho kika bari a kan dutsen nan ba ki gaya mana ba?"

"Uskuti, yi mini shiru, Khairiyya. Zare ya tsinke miki."

Dokar shagon ita ce in amarya ta cire abaya, duk wayoyi a durowa suke, a kashe musu sauti, namu da ta mahaifiyar amarya. Ni ce mai riƙe makulli. Ƙarfe sha ɗaya saura biyar na kulle. Mahaifiyar Wafa' ta ce hannun rigar ya yi faɗi, aka matse, ta ce ya matse da yawa. Sinyora na durƙushe da allurai a baki, tana ɗaga kai tana duban agogon bango. Sha biyu saura kwata suka fita.

"Yalla, 'yar jami'a, buɗe," in ji Khala. "Ni ma ina so in ga dutsen nan."

Na buɗe, na miƙa wa Sinyora wayarta. Kira tara ne aka yi mata, duka daga Nives, na farko ƙarfe sha ɗaya saura minti biyu.

Ta kira Nives ta bidiyo. Fuskar wata mata mai furfura ta fito, idanunta jajir, tana magana da sauri. Ba na jin yarensu, amma na ga Sinyora ta nemi kujera ta zauna.

"Sun tura agogo gaba daren jiya," ta ce, ba tare da ta dube ni ba. "Awa ɗaya. Duk shekara a ƙarshen Maris suke yi. Na manta."

Na san da wannan. Na taɓa karanta shi a aji, har ya fito a jarrabawa. Amma a garin da aka haife ni babu wanda ya taɓa taɓa agogo, kuma ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba.

"To su sake kira mana!" in ji Khala. "Wane irin dattijo ne wannan? Ko wajen takardu ana yi wa mutum uzuri. Ba ni wayar in yi masa magana."

Sinyora ta girgiza kai. "Sau ɗaya ake kiran kowa. Ni sau uku ya kira. Ajinmu ɗaya da shi a firamare."

Ta ce wa ƙanwarta wani abu, sai hoton ya juya. Muka ga wata ƙaramar gada ta dutse, babu kowa a kanta sai furanni ruwan ɗorawa da aka tattake. Ana jin ruwa na gudu a ƙasa, can nesa kuma ƙararrawa da ragowar waƙar masu hawa dutse. Sinyora ta matso da wayar kusa da bakinta, ta faɗi kalma ɗaya a hankali. Ba sai an fassara mini ba. Nives ta riƙe wayar a haka na ɗan lokaci kafin ta kashe.

Na tsara haƙurin da zan ba ta da Larabci, na sake tsara shi da Turanci. Khala ta koma kan duwatsunta tana jan hanci. Sinyora ta tashi ta rataye rigar Wafa', ta rufe ta da leda, ta zare alluran da ke maƙale a gaban rigarta ɗaya bayan ɗaya ta mayar cikin gwangwani. Ta goge jan bakin da tishu, ta sa abayarta.

Ina duƙe ina neman makullin durowar da ya faɗi na ji ƙofa ta rufu. Da na ɗago, almakashin na kan tebur inda take ajiye shi kullum, amma babu zirin ƙyallen a hannunsa.